Ku Tambayi Malamai: Lesin Lissafi a Gidajenmu na Makka, Jidda da Madina

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan abu ɗaya suka zo: yaro ya faɗi lissafi ko yana dab da faɗuwa, iyaye kuma suna tunanin ɗauko masa malamin lesin, abin da ake kira darasin khususi a nan. Mun zaɓi guda bakwai muka miƙa wa malaman lissafi da ke amsa tambayoyin wannan fili. An taƙaita wasu saboda ƙarancin wuri.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana aji ɗaya na mutawassiɗ, wato ƙaramar sakandare. Wata biyar ke nan muna biyan malamin lesin, sau uku a mako. Wajib ɗinsa, wato aikin gida, kullum daidai yake fitowa, har malamin makaranta yana yaba masa. Da aka yi jarrabawar tsakiyar zango sai ya kawo 7 cikin 20. Mahaifinsa ya ce a canza malami. Laifin yaron ne ko na malamin? (Wata uwa, Hindawiyya, Jidda)

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin a sallami kowa, ki zauna a gefe rana ɗaya ana lesin, kamar kina tsince shinkafa, ki lura da abu guda: a hannun wa alƙalami ya fi daɗewa? In wajib yana fitowa daidai kullum, jarrabawa kuma ta zo 7 cikin 20, to kusan koyaushe malami ne ke warware tambayoyin, yaro yana gyaɗa kai yana kwafa. Ba lalle ne mugunta ba. Awa ɗaya ce, gobe za a kai wajib, iyaye suna son ganin an gama, sai malami ya bi gajeriyar hanya. Amma dai kuɗin wata biyar ɗin nan wajib kuka saya da shi.

Yaron da ke faɗuwa a aji ɗaya na mutawassiɗ, da wuya a sami matsalarsa a cikin wannan ajin. Galibi ramin yana can baya, a aji uku, huɗu ko biyar na ibtida'i, wato firamare, an tsallake shi an ci gaba da gini a kai. Aikin farko na malamin lesin shi ne gano wannan ramin, kuma minti ashirin sun isa. A ba yaron farar takarda, babu waya, babu kalkuleta, babu mai ce masa uffan.

A fara da 403 a ɗebe 178. Amsa 225 ce. In ya rubuta 375, ƙaramar lamba yake cirewa daga babba a kowane gida ba tare da duba wacce ke sama ba, wato bai iya aro ba, balle aro ta kan sifiri. Sai 612 a raba gida 6, wanda 102 ne. Wanda ya kawo 12 ya haɗiye sifirin tsakiya, don a wurinsa sifiri ba komai ba ne, bai san shi ke tsare wa goma-goma gurbinsu ba. A tambaye shi: riyal 612 aka raba wa mutum shida, kowa ya tashi da 12? Nan take zai ce a'a. Sai rabi a tara da sulusi, 1/2 + 1/3. In ya ce 2/5, ya tara sama da sama, ƙasa da ƙasa. Biyu cikin biyar ko rabi bai kai ba, alhali da rabi aka fara kafin a ƙara wani abu. Amsa 5/6 ce. Daga nan a tambaye shi wanne ya fi girma, 0.5 ko 0.25. Yara da yawa 0.25 suke zaɓa saboda 25 ta fi 5, amma a ce masa halala 50 da halala 25 (halala ɗari ne riyal ɗaya) wanne zai ɗauka, ba zai yi kuskure ba. Sai 2 + 3 × 4, wanda 14 ne ba 20 ba, don ana ninkawa kafin a tara. Na ƙarshe −3 − 5: wanda ake bi riyal 3 a baƙala, wato kantin unguwa, ya ƙara cin bashin 5, ana binsa 8 ke nan, wato −8. A tsakanin waɗannan a jefa masa 7 × 8 da 6 × 9 da baki, a duba ko yatsunsa na motsi a ƙarƙashin tebur.

Tambayar farko da ya faɗi, nan lesin zai fara, ko da kuwa darasin aji uku ne. Sai dai kada a miƙa masa littafin ƙanensa a hannu, kunya za ta rufe masa ƙwaƙwalwa. Malami ya kwafo tambayoyin a takarda daban.

Wajib kuwa, yaro ya fara gwada shi shi kaɗai kafin malami ya iso, a duba inda ya maƙale kawai. A cikin awa ɗaya, minti arba'in na cike rami ne, ashirin na darasin makaranta. Maki zai iya tsayawa cak na 'yan makonni, ki shirya wa hakan, ki kuma shirya maigida. Bayan mako shida a maimaita gwajin da wasu lambobin, misali 502 − 267 da 824 ÷ 8. In kurakuran suna nan yadda suke, a lokacin maganar Alhaji ta canza malami ta yi daidai. In kuwa malamin ya ƙi yarda a yi gwajin tun farko, ba sai an jira mako shida ba.

Tambaya: 'Yata ta taso a wurin kakarta a Kano, ta yi firamare har aji huɗu da Turanci, kuma ita ke ɗaukar na ɗaya a lissafi. Bara muka dawo da ita nan, tana aji biyar a makarantar Larabci. Tana jin Larabcin magana daidai gwargwado, amma lissafi ya zame mata bala'i, har kuka take yi. Mun rasa gane kanta. (Wani uba, Shari' Mansur, Makka)

Amsa: Alhaji, lissafinta yana nan inda ta bar shi, tufafinsa ne aka canza mata, kuma a wurare da yawa lokaci guda. Mu bi su ɗaya bayan ɗaya, don wannan matsala ta yi yawa a gidajenmu ana ɗora laifin a kan ƙwaƙwalwar yaro.

Siffar lambobin ita ce ta farko. A littattafan ibtida'i da mutawassiɗ na nan, biyar (٥) da'ira ce, wato kamar sifirin da ta sani. Sifiri (٠) ɗigo ne, ita kuwa ɗigo a littafinta na dā shi ke raba cikakkiyar lamba da ɓarinta. Shida (٦) tana kama da bakwai ta boko. Bakwai (٧) da takwas (٨) siffa ɗaya ce an kifa. Biyu (٢) da uku (٣) haƙori ɗaya ya raba su. Don haka in aka rubuta mata 65 da waɗannan lambobi, idonta 70 yake gani. Ta san ƙa'idar in tana cikin natsuwa, amma a ɗakin jarrabawa ido yakan koma ga abin da ya saba shekara huɗu.

Ta biyu ta fi ɓuya, ita ce yadda ake faɗin lamba. Bahaushe yana cewa ashirin da biyar, goma-goma a gaba, haka ma Bature. Balarabe kuwa khamsa wa ishirun yake cewa, biyar a gaba. Malama ta faɗa, yarinya ta rubuta abin da ta fara ji daga hagu, sai 25 ta koma 52. A ɗari abin ya fi rikici: 125 ana cewa mi'a wa khamsa wa ishirun, ɗari, sannan biyar, sannan ashirin, sai ta rubuta 152. Maganinsa a koya mata ta jira lambar ta ƙare kafin ta ɗora alƙalami, ko kuma ta rubuta ɗarin, ta bar gurbi a tsakiya, ta sa biyar a dama, ta dawo ta cike gurbin da biyu. Abin da zai sauƙaƙa mata shi ne kalmomin goma-goma nata ne tun daga gida: ashirin, talatin, arba'in, hamsin, sittin, saba'in, tamanin, duk daga Larabci Hausa ta aro su.

Ta uku, jimlar lissafi daga dama ake karanta ta. A tarawa da ninkawa ba ya cutarwa, don 3 + 7 da 7 + 3 duk ɗaya ne. A ɗebewa da rabawa ne take faɗuwa: an rubuta bakwai a ɗebe uku, ita ta karanta daga hagu ta ga uku a ɗebe bakwai, ta ce ba zai yiwu ba. Alamar "ya fi" da "bai kai" ma kada ta haddace su da hagu ko dama. Ta riƙe cewa bakin alamar ga babbar lamba yake buɗewa.

Ta huɗu kalmomin darasi ne, waɗanda ba a jin su a Larabcin titi. Majmu'u jimla ne, farƙu bambanci, baƙi abin da ya saura bayan rabawa, basɗu lambar sama a kusur (lambobi irin su 1/2 da 1/3), maƙam ta ƙasa, muhiɗ kewayen siffa, misaha faɗin filinta. Yarinyar da ta iya nemo kewaye da faɗin fili sarai za ta faɗi tambayar don kawai ta musanya muhiɗ da misaha.

Abin da za a yi ba mai tsada ba ne. Minti goma na shiftar lambobi kullum, a faɗa da Larabci ta rubuta, lamba goma sha biyar zuwa ashirin, a yawaita masu 5, 6, 7, 8 da sifiri, har mako biyu ko uku. A liƙa takarda a jikin firij mai layi uku: kalmar Larabci, ma'anarta da Hausa, da kalmar da ta sani a makarantarta ta dā. In za a ɗauko malama, a nemo mai Hausa da Larabci, a kuma ƙyale yarinyar ta yi lissafinta a zuci da harshen da ya fi mata sauƙi. Kuma kada a bari ta manta lambobin boko, domin a sanawi, wato babbar sakandare, littattafan lissafi suna komawa x da y, daga hagu zuwa dama. Ranar nan 'yan ajinta ne za su shiga irin ruɗewar da take ciki yau.

Tambaya: Ƙanena ya haddace izu goma a halaƙa, wato makarantar haddar Alƙur'ani, amma jadawalin sau ya gagare shi. Yana rera shi daga farko har ƙarshe, in ka tare shi da 7 × 8 sai ya yi shiru. (Wani yaya, Ghulail, Jidda)

Amsa: Ɗan'uwa, ka san irin mahaddacin da in aka ja masa aya daga tsakiyar sura sai ya koma farko kafin ya iso wurin? Haka ƙanenka yake da gidan bakwai. Waƙa ya haddace, dole sai ya taso daga 7 × 1.

A rage masa kayan tukuna. Jadawalin daga 1 zuwa 10 gida ɗari ne. Na 1, 2, 5 da 10 kusan kowane yaro ya san su. Sauran lambobi shida ne, 3, 4, 6, 7, 8, 9, kuma tunda 6 × 7 da 7 × 6 abu ɗaya ne, gida 21 kacal suka rage. Ka yanka kwali ka yi kati 21, tambaya a gaba, amsa a baya. Kullum minti biyar, a cakuɗa su, a ja masa. Wanda ya amsa kafin ka ƙirga uku a zuci ya tafi gefe ɗaya, wanda ya yi jinkiri gefe na biyu, wanda ya faɗi na uku. Gobe da na uku za a fara. Kada a sa sabon kati fiye da uku a rana, kuma waɗanda suka zauna a riƙa dawo da su bayan kwana biyu, bayan huɗu, bayan mako. Muraja'a ce, ya fi ka saninta.

A ba shi kuma igiyar da zai kama in ya manta. Sau tara shi ne sau goma a cire ɗaya: 9 × 7 ya zama 70 − 7, wato 63. Sau huɗu ninki biyu ne jere: 7, 14, 28. Sau takwas ninki uku: 7, 14, 28, 56. Sau shida shi ne sau biyar a ƙara ɗaya: 6 × 7 ya zama 35 + 7, wato 42. Amma ka lura, hadda a jadawali kawai take da amfani. Yaro mai kaifin hadda yakan so ya haddace matakan warware mu'adala ma (lissafin da ake nemo lambar da ba a sani ba), ranar da aka juya tambayar kuwa sai ya tsaya.

Tambaya: Yara uku ne da ni, aji huɗu da aji shida na ibtida'i da aji biyu na mutawassiɗ, samu kuma sai godiya. Ni ban yi boko ba. Sau nawa ya kamata a yi lesin a mako, wane lokaci, kuma zan iya haɗa su duka wurin malami ɗaya? (Wata uwa, Misfala, Makka)

Amsa: Hajiya, sau biyu a mako ya isa, in dai tsakanin zama da zama yaro yana yin tambaya biyar zuwa goma shi kaɗai kullum. Zama huɗu ba tare da wannan ba, kuɗi ne kawai ke tafiya. A raba kwanakin, misali Lahadi da Laraba ko Litinin da Alhamis, kada a jera su. Ɗan ibtida'i minti arba'in zuwa arba'in da biyar, ɗan mutawassiɗ awa ɗaya. Zaman awa biyu da wasu malamai ke so, don su huta da zirga-zirga, rabinsa na biyu hamma ce.

Lokaci mafi kyau tsakanin Magariba da Isha'i ne. A taƙwimin Ummul Ƙura, wanda masallatan ƙasar nan ke bi, tazarar awa ɗaya da rabi ce cif duk shekara, sai a Ramadan da take zama awa biyu. In aka cire salla da dawowa daga masallaci, kusan awa ɗaya ke saura, zafi ya sauka, yaro ya huta daga makaranta, kuma kiran salla ne ke tashin darasi, babu jayayya da malami kan minti. Bayan La'asar ma yana yi in yaron ba ya zuwa halaƙa. Bayan Isha'i sai ɗan sanawi.

Ga yadda awar za ta kasance in malami ya san aikinsa. Minti biyar na tambayoyin baki, goma na komawa kan kurakuran zaman da ya wuce, goma sha biyar na sabon abu, ashirin yaro yana aiki malami ya naɗe hannu, goman ƙarshe a duba a ba da na gida. Kurakuran a riƙa rubuta su a daftari na musamman: tambayar, amsar da ya bayar, dalilin kuskuren da bakinsa. Wannan daftari ya fi duk wani rahoto da malami zai ba ki.

Haɗa su uku a zama ɗaya ba zai yi ba, sai dai in gwaji ya nuna raminsu ɗaya ne. Hakan na faruwa, ɗan aji shida da ɗan mutawassiɗ su haɗu a kusur, amma babban ba zai so a gyara masa a gaban ƙanensa ba. Abin da ya fi shi ne ki haɗa kai da maƙwabta, yara uku ko huɗu masu matsala iri ɗaya, a raba kuɗin. Fiye da huɗu ya zama aji, aji kuwa shi ya ba da su tun farko. In kuɗi na ɗaya ne kawai, a sa ɗan aji shida, don shi ke bakin ƙofar jabru, wato aljebra, kuma jabru ba ta yafe wa wanda bai iya kusur ba.

Kafin a fara a yi magana a fili: nawa ne zama ɗaya, yaushe ake biya, zaman da malami ya fasa ko yaro ya fasa yaya za a yi da shi. A yi zama biyu na gwaji kafin a ɗaure da wata. A yi lesin a majalisa ko falo, ƙofa a buɗe, babba yana kusa, 'yan mata kuma malama. Ki kuma fara tambayar makarantarsu ko tana da azuzuwan taƙawiyya, wato na ƙarin darasi. Darussan tashar Ain kyauta ne a YouTube, aji-aji, darasi-darasi, sai dai a sa yaro ya tsayar da bidiyon ya gwada tambayar kafin ya ga amsa.

Batun ba ki yi boko ba, ai ke kike lissafin cefane. Ba shi riyal 20 ya je baƙala, kafin ya fita ya faɗi canjin da zai dawo da shi. Bayan lesin ki ce ya koya miki abin da aka yi yau, da Hausa. In ya kasa bayani da Hausa, bai gane ba, ko da ya rantse.

Tambaya: Ina aji biyu na sanawi, makina na makaranta 95 ne, amma na shiga Ƙudurat, jarrabawar auna basira ta shiga jami'a, na sami 70. Ɓangaren kammi, wato na lissafi, shi ke kayar da ni, lokaci ke ƙare mini. Na haddace tajmi'at, wato tarin tambayoyin jarrabawar baya, da yawa. In nemi malama ne? (Wata ɗaliba, Madina)

Amsa: 'Yarmu, gara da kika farga tun yanzu. Jami'o'i suna haɗa maki uku ne, na sanawi, na Ƙudurat da na Tahsili (jarrabawar auna darussan sanawi), kowace da ma'auninta, kuma da yawa kan yi 30, 30, 40 cikin ɗari a fannonin kimiyya. A wannan ma'auni 95 ɗinki 28.5 take bayarwa, 70 ta ba da 21, in Tahsili ta zo 68 ta ba da 27.2, jimla 76.7. Maki goma da kika ƙara a Ƙudurat uku suke ƙarawa a jimlar, makin makaranta kuwa ko 100 kika kai shi ɗaya da rabi kawai zai ƙara. Kin ga inda ya kamata ƙarfinki ya tafi. Ana sake shiga jarrabawar, kuma mafi girman maki ake ɗauka.

Kammi ba lissafin sanawi ba ne, yawancinsa na mutawassiɗ ne: kusur, nisba (kwatanta adadi da adadi), kashi cikin ɗari, ɗan jabru, handasa (lissafin siffofi), karanta jadawali. Wahalarsa ita ce babu kalkuleta, kuma kowace tambaya kusan minti ɗaya gare ta. Don haka malamar da za ta amfane ki ita ce mai koyar da gajerun hanyoyi tare da dalilinsu. Kaya na riyal 80 da harajin kashi 15 cikin ɗari: kashi goma 8 ne, rabinsa 4, jimla 12, farashi 92, ba a taɓa alƙalami ba. Murabba'in lambobi har 15 su zauna a kanki, haka 3, 4, 5 da 5, 12, 13 na alwatika mai miƙaƙƙiyar kusurwa. In mu'adala ta yi tsawo, ki gwada zaɓuɓɓukan amsa a cikinta, ki fara da na tsakiya.

Akwai tarkuna da ke maimaituwa. An ƙara wa farashi kashi 20 sannan aka rage kashi 20, bai koma yadda yake ba: 100 ta zama 120, ta sauko 96. Mota ta je da gudun kilomita 60 a awa ta dawo da 120, matsakaicin gudunta 80 ne ba 90 ba, don ta fi daɗewa a tafiyar sannu: a ce nisan 120 ne, awa biyu zuwa, awa ɗaya dawowa, 240 a raba uku. A tambayoyin muƙarana, inda ake cewa ƙima ta farko ta fi, ko ta biyu, ko daidai suke, ko bayanin bai isa ba, kada ki gwada lamba ɗaya ki tashi. A kwatanta sin, wato x, da murabba'in sin: da 2 murabba'in ya fi, da 1 daidai suke, da rabi kuwa rubu'i ya fito, ya gaza. Amsa bayanin bai isa ba. Kullum ki gwada sifiri, ɗaya, lamba mai ragi da kusur.

Tajmi'at suna da amfani don ganin salon tambaya. Haddace amsarsu ne asara, lamba ɗaya aka canza kin faɗi. Ki ba kanki mako takwas: uku na gyara tushe babu agogo, uku na tambaya ashirin cikin minti 25 kina matsewa zuwa 20, biyun ƙarshe cikakken gwaji a zaune. Tambayar da ta cinye minti ɗaya da rabi ki zaɓi abin da ya fi kusa ki wuce, kada ki bar gurbi.

Tambaya: A bar yaro ɗan aji biyar ya yi amfani da kalkuleta ko manhajar waya mai warware lissafi? (Wani uba, Rusaifa, Makka)

Amsa: A'a, Malam. Kalkuleta a hannunka za ta zauna, bayan ya gama ka duba masa da ita. Manhajar da ake ɗaukar hoton tambaya ta fito da amsa kuwa a goge ta daga wayar gidan. Ita ma malamin lesin ce mai riƙe alƙalami, bambancin kawai ba ta karɓar riyal.

Tambaya: Na gama jami'a, na karanta lissafi, ina zaune a gida. Maƙwabta suna roƙona in riƙa koya wa 'ya'yansu mata. Me zan tanada, kuma ta ina zan fara da kusur, don shi suka fi kuka da shi? (Wata 'yar'uwa, Karantina, Jidda)

Amsa: 'Yar'uwa, ki fara duba matsayin takardunki. Mai iƙama, wato baƙo mai takardar zama, doka ba ta ba shi damar yin aikin kansa na kuɗi ba, sai ta hanyar cibiya ko makaranta mai lasisi da izinin aiki. 'Yar ƙasa ma gara ta nemi takardar aikin kai kafin ta buɗe ƙofa. Bayan wannan kayan aiki kaɗan ne: ƙaramin farin allo ga kowace yarinya don ki ga amsar kowa lokaci guda, daftari mai gida-gida don lambobi su tsaya a gurbinsu, alƙalami kala biyu, ƙwallayen dabino na ƙirga, da 'yan halala.

Wanda ya karanta lissafi a jami'a babbar matsalarsa sauri ce, yana tsallake matakin da ya daɗe da daina gani. Ki yi tambaya ki yi shiru, ki ƙirga goma a zuci kafin ki taimaka. Kuma kada ki ce "kin gane?", don amsar kullum "e" ce. Ki ce ta yi mai kama da ita.

Kusur a fara shi da burodin tamis, ba da allo ba. Biyu masu girma ɗaya. A raba ɗaya wa mutum huɗu, ɗaya wa takwas, a tambaye ta rabon wa ya fi. Daga ranar ba za ta sake cewa 1/8 ya fi 1/4 ba. Sai a zo 1/2 + 1/3 da sababbi biyu: a yanka kowanne gida shida, rabi ya zama yanka uku, sulusi yanka biyu, a haɗa biyar cikin shida. Daidaita maƙam ke nan, ta gani da idonta kafin a ba ta sunansa. Sai an yi haka sau da yawa, a tamis, a zane, sannan a koma lambobi zalla.

Manyan 'yan mata kuwa a kai su ga abin da suke ji a darasin fiƙihu: nisfi, rubu'i, sumuni, sulusi, sudusi na Suratun Nisa'i. Mutum ya rasu ya bar mata, uwa da ɗa namiji, da riyal 24,000. Mata sumuni, uwa sudusi. Ƙaramar lambar da 8 da 6 ke rabawa ita ce 24, mata 3, uwa 4, saura 17 na ɗa, wato 3,000 da 4,000 da 17,000. Atisaye ne kawai, rabon gaske na malamai da kotu ne, amma yarinyar da ta yi shi ta san amfanin neman maƙam ɗaya.

Ranar da suka gaji, ba su hatimi mai gida tara: a jera 1 zuwa 9 yadda kowane layi, tsaye, kwance da karkace, zai ba da 15. Ki gaya musu malamin Katsina Muhammad al-Kashinawi, wanda ya zo aikin Hajji ya kuma rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan irin waɗannan murabba'ai. Kada ki faɗa musu 5 ce a tsakiya. In sun maƙale, ki tambaye su jimlar 1 zuwa 9, da abin da zai fito in aka raba ta wa layi uku.